Ɗalibi mai otizim a jami'a: tambayoyin da iyaye, malamai da ɗalibai ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa duk lokacin da aka ɗauko zancen ɗalibai masu otizim, wato abin da a rediyo za ku ji ana ce wa galahanga, a jami'a ko foliteknik ko kwalejin ilimi. Wasu daga iyaye suke, wasu daga malamai, wasu kuma ɗaliban ne da kansu. Amsoshin na yi su ne da makarantunmu na Najeriya a raina, inda ɗakin lakca ɗaya yake ɗaukar ɗaruruwan mutane, wuta ta ɗauke, lasifika ta mutu, kuma a canza lokacin tes da daddare a WhatsApp.

Wai dama mai otizim yana iya kaiwa har jami'a?

Ƙwarai kuwa, kuma suna ciki tuntuni, mu ne dai ba mu san su da wannan sunan ba. Shi ne wannan ɗalibin da ake cewa miskili ne, ko "ba ya shiga mutane", wanda kullum kujera ɗaya yake zama, in ka tambaye shi abin da ya shafi kos ɗinsa sai ya yi ta bayani har ka gaji amma gaisuwa ta safe tana masa wuya. Otizim ba mataki ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya magana sam kuma zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwa, akwai kuma wanda ƙwaƙwalwarsa a karatu daidai take da ta kowa ko ma ta fi, matsalarsa tana wajen mu'amala, hayaniya da canjin tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, toh kai lissafa yawan ɗaliban BUK ko ABU ko Unimaid ka gani ko zai yiwu a ce babu su a ciki.

Me yake kawo shi? Wasu sun ce aljanu ne, wasu sun ce allurar rigakafi.

Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ƙarami, da shi ake tasowa, kuma gado yana da babban hannu a ciki shi ya sa za ka ga a gida ɗaya an samu biyu, ko kuma in an bincika a ce ai kawunsa wane ma haka yake. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba laifin uwa ba ne. Likita Leo Kanner ya bayyana shi a rubuce a Amurka a 1943, Hans Asperger kuma a Ostiriya a 1944, daga 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe nau'o'in duka ƙarƙashin suna ɗaya.

Maganar rigakafi kuwa daga wani rubutu ta samo asali da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya fitar a 1998 a mujallar Lancet. An bincika an gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke masa lasisin aiki. Manyan binciken da aka yi bayan nan a kan yara masu ɗimbin yawa ba su ga wata alaƙa ba. Don Allah kar wannan magana ta hana a kai ƙannensa rigakafi.

Malam, yarona yana da ƙoƙari, ya ci WAEC ya ci JAMB, amma yana shiga aji ɗaya sai kari-oba. Me ya same shi?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, don nan ne ake rasa yawancinsu. Ƙwaƙwalwarsa tana nan yadda kika san ta. Abin da ya canza shi ne duk abin da yake riƙe da shi a sakandare an zare shi rana ɗaya. A can akwai ƙararrawa, akwai aji ɗaya da kujera ɗaya, malami ɗaya da ya san shi, ke kuma kina gida kina cewa tashi ka yi wanka, ga abinci, ina aikin gidanka. A jami'a babu mai cewa komai. Lakca yau a wannan tiyata, wato babban ɗakin lakca, gobe a wancan, malami ya ce ƙarfe 8 ya zo 10 ko ya aiko a ce an ɗaga zuwa Asabar, rijistar kos sai ka bi ofis-ofis ana sa hannu, kuma rabin bayanan da ɗalibi yake buƙata ba a rubuce suke ba, a bakin abokai suke: wane malami ne yake ɗaukar sunan masu halarta, ina ake samun tsofaffin tambayoyi, yaushe za a rufe fotal. Wanda ba shi da abokai duk wannan yana wuce shi, sai ya zo ya tarar an yi tes jiya.

Sannan ga abin da jiki yake ji. Da yawansu ƙara, haske, wari da cunkoso suna shigar su fiye da yadda suke shigar mu, ƙarar janareta a bayan taga, fanka mai ƙiƙi, mutum ɗari uku suna surutu, zafi, turaren na kusa da shi, kafada tana gogar kafada. Mu muna iya ture duk wannan gefe mu saurari malami, shi kuma duka suna zuwa masa lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya. Yana fitowa lakca biyu ya gama gajiya kamar wanda ya yini a kasuwar Kwari ana gobe Sallah, sai ya koma ɗaki ya kwanta, lakcar yamma ta wuce, gobe kunya ta hana shi tambayar abin da aka yi, jibi abin ya taru ya yi masa yawa, a haka har ya daina zuwa gaba ɗaya alhali kullum da safe yana saka kaya ya fita.

Akwai kuma wahalar tsara aiki, ya san abin da za a rubuta sarai amma fara shi, raba shi kashi-kashi da gama shi kafin ranar miƙawa shi ne dutsen. Wani kuma tsabar son ya yi daidai ne yake hana shi miƙawa, ya gwammace ya samu sifiri da ya ba da abin da yake ganin bai cika ba. Saboda haka kafin a ce ya lalace ko ya shiga shaye-shaye, a zauna da shi a natse, ba da faɗa ba, a ɗauko takarda a bi ranarsa awa-awa tun daga tashi barci. Tambayar "me ke damunka?" ta yi faɗi da yawa, zai ce ba komai. A ce masa "ranar Talata lakca nawa ka shiga? wacce ce ba ka shiga ba? me ya faru kafin nan?" sai ki ga amsa tana fitowa.

Ba a taɓa auna shi ba, kuma yanzu ya haura 20. An makara ne?

Ba a makara ba, manya ma ana auna su. Babu gwajin jini ko hoton kai da yake nuna otizim, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan adam ne zai zauna da shi ya yi tambayoyi, ya kuma tambayi wanda ya san ƙuruciyarsa, yaushe ya fara magana, yadda yake wasa da yara, abincin da yake ƙi. Don haka mahaifiya ko yayar da ta raine shi ta raka shi. Ana iya farawa daga asibitin makaranta a nemi takardar turawa, ko a je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na ABU da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Na san sunan waɗannan asibitoci kaɗai yana tsorata mutane, a ce an kai ɗan wane asibitin mahaukata. Otizim ba hauka ba ne, likitocin da suka san shi ne dai a can suke zaune. A roƙi likita ya rubuta rahoto da ya faɗi irin sauƙin da ɗalibin yake buƙata a karatu, ba sunan lalurar kawai ba, wannan takardar ita ce za ta yi aiki a ofishin shugaban sashe.

Ya faɗa wa makaranta ko ya yi shiru?

Shi ke da wannan shawarar, ba iyaye ba, ba malami ba. Amma ni ra'ayina ya faɗa wa mutum biyu ko uku da abin ya shafa: lebul kodineta, wato malamin da ke kula da ajinsu, jami'in jarabawa na sashe, da ofishin ba da shawara ko na harkokin ɗalibai. Kuma da wuri, farkon zango, kar a bari sai sakamako ya fito da ja sannan a zo ana roƙo, a lokacin kowa zai ɗauka uzuri ake nema. Ba sai aji duka sun sani ba. Malamin da aka faɗa wa kuma amana ce aka ba shi, in ya tsaya gaban aji ya ce "ku riƙa haƙuri da wane, ba shi da lafiya" ya gama da yaron ko da niyyarsa mai kyau ce.

Doka ta ce wani abu a kai?

Ta ce. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ce ta kafa hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman, kuma ta ba su haƙƙin samun ilimi ba tare da wariya ba. JAMB ma a zamanin Farfesa Is-haq Oloyede ta kafa wani kwamiti na musamman a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ya fara da shirya wa makafi jarabawa a cibiyoyi na daban, don haka duk mai buƙata ta musamman ya nuna ta tun wajen cike fom. Gaskiyar magana dai ita ce a makarantunmu in an ce buƙata ta musamman hankali yana tafiya kan keken guragu da sandar makaho, lalurar da ido ba ya gani sai ka yi ta bayani. A Ingila dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'o'i su yi gyare-gyaren da suka dace, kuma akwai kuɗin tallafi na musamman da ake ba ɗalibi. Mu ba mu kai nan ba, shi ya sa duk abin da aka amince za a yi wa ɗalibi a rubuta shi a wasiƙa, shugaban sashe ya sa hannu, a ajiye kwafi, don shugaban sashe yana canzawa kuma sabon zai ce bai san zancen ba.

Ni lakcara ne, ɗalibaina sun fi 400 a kos ɗaya. Tsakani da Allah me zan iya yi?

Malam, babu mai cewa ka zama likita, kuma yawancin abin da ake nema ba ya cin ko kwabo. Na farko kuma mafi girma, ka rubuta. Duk abin da ka faɗa da baki game da tes, asaimen, ranar miƙawa, yawan shafi, inda za a kai, a saka shi a rubuce a gurup ɗin aji da kalmomi a fili. "Ku kawo wajen ƙarshen wata" ba rana ba ce, ka ce Alhamis 28 ga wata kafin ƙarfe 12 a ofishina. In za ka ɗaga lakca ko canza ɗaki ka sanar da wuri gwargwadon iko, sauran ɗalibai tsaki kawai za su yi su wuce, shi kuwa canjin bazata yana iya rushe masa yinin gaba ɗaya.

Ka ba da jadawalin darussan kos tun makon farko, ka bari handawut ya fita kafin lakca ba bayanta ba, ka ƙyale shi ya ɗauki muryarka a waya domin saurare da rubutu a lokaci ɗaya yana yi wa wasunsu wuya. Ka bar shi ya zauna a gaba ko kusa da ƙofa, in ya tashi ya fita minti biyar ya dawo kar ka tsayar da lakca ka ce ina za ka. In ka ga ya toshe kunne da wani abu ba waƙa yake ji ba, ƙara yake ragewa don ya ji ka. In yana kaɗa ƙafa, yana murza biro ko yana ɗan jijjiga jiki, hanyarsa ce ta natsar da kansa, hana shi ba ya ƙara masa hankali a kan darasi, ragewa yake yi.

Sai tambayar bazata, irin ta "kai mai jar hula tashi ka faɗa mana". Wasunsu suna buƙatar daƙiƙu kafin magana ta haɗu, in aji ya fashe da dariya shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba. Ka ba shi dama ya turo tambaya ko amsa a rubuce. Haka tambayoyin jarabawa, ka duba ko akwai mai harshen damo, domin shi abin da ka rubuta zai amsa, ba abin da kake nufi a zuciyarka ba, in ka ce "ambaci" zai ambata ya tsaya, ba zai yi sharhin da kake jira ba. Za ka lura duk waɗannan gyare-gyare sauran ɗaliban ma suna amfana, musamman masu fama da Turanci da matan aure masu goyo da ba sa samun kowace lakca.

Ƙarin lokaci a jarabawa ba rashin adalci ba ne ga sauran?

A'a. Tambaya ɗaya ce, makin da ake bayarwa ɗaya ne, babu wanda ya ce a sauƙaƙa masa ko a ƙara masa maki. A Ingila abin da aka saba bayarwa shi ne ƙarin kashi 25 cikin 100 na lokaci, wato jarabawar awa 2 ta zama awa 2 da rabi. Wasu ma ba lokacin ne damuwarsu ba, ƙaramin ɗaki mai shiru suke buƙata maimakon babban zaure inda masu sa ido ke ta ihu ana jan kujeru. Jarabawa ana yin ta ne don a auna sanin kemistiri ko tarihi, juriyar hayaniya ba ta cikin manhaja.

Ba ya gaisuwa yadda ya kamata, kuma yana gyara wa malami kuskure a gaban aji. Wannan ba rashin kunya ba ne?

Littattafan Turawa suna yawan magana a kan rashin kallon ido, mu a nan wannan bai cika zama matsala ba tunda yaro mai ladabi dama sunkuyar da kai yake yi gaban babba, wataƙila ma shi ya sa da yawa suke wucewa ba a gane su ba, a ce kunya ce. Inda suke faɗawa rami a wajenmu shi ne doguwar gaisuwa, kara, da maganar da ba a fito da ita fili ba. Mu mutane ne masu habaici da hannunka mai sanda, malami ya ce "to madalla, ka kyauta" alhali ransa a ɓace yake, ko a ce "za mu duba" ana nufin a'a, shi kuma ya ɗauka da gaske ya dawo gobe ya ce an duba? Ya shiga ofis ya tafi kai tsaye kan abin da ya kawo shi ba ina kwana ba ina gajiya, sai a ce ba shi da tarbiyya. Da ya ga kuskure a allo kuma a tunaninsa taimako yake yi.

Wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take, kamar yadda mai otizim yake kasa karanta mu haka mu ma muke kasa karanta shi. Maganin a faɗa masa dokar a fili a keɓe: in ka shiga ofis ka yi sallama, ka gaishe shi, ka jira ya amsa sannan ka faɗi buƙatarka, in ka ga kuskure ka same shi bayan lakca. Yawancinsu suna jin daɗin a faɗa musu haka ƙarara, abin da yake wahalar da su shi ne a yi ta fushi da su ba su san dalili ba.

Aikin rukuni fa?

In an ce kowa ya zaɓi abokan aikinsa shi ne zai rage a tsaye, don haka malami ya raba da kansa. A ba kowa takamaiman aikinsa a rubuce. A kuma sa ido, don abu biyu ne suke faruwa: ko a ware shi a yi ba da shi ba, ko a jibga masa aikin duka saboda ba ya iya cewa a'a, sauran su zo su rubuta suna.

Hostal ya fi ko ya riƙa zuwa daga gida?

Ya danganta da yaron da kuma nisa. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu ya koma takwas da masu laɓe, wani yana girki, wani yana kallon ƙwallo da ƙarfi, a ɗauki bokitinka ba a tambaye ka ba, wannan yana iya hana shi barci har karatun ya gagara. In gida yana cikin gari, zangon farko daga gida ya fi sauƙi. In kuma dole sai hostal, a rubuta wa shugaban harkokin ɗalibai a nemi ɗaki mai ƙarancin mutane a ƙarshen layi, ko a haɗa shi da ɗan garinsu mai haƙuri, in da hali a kama masa ɗaki a waje kusa da makaranta. Kafin a buɗe makaranta a kai shi ya zagaya lokacin da babu kowa, ga tiyata, ga laburare, ga masallaci, ga inda za ka ci abinci, ga wurin da za ka zauna in ka ji kanka ya cika. Kuma tun yana gida a fara koya masa wanki, dafa abu biyu ko uku, riƙe kuɗi da amfani da ATM, kar a bari sai daren tafiya.

Ɗan ɗakinmu wani lokaci sai ya birkice, yana ihu ko ya yi shiru ya kasa magana. Me za mu yi?

Ɗan uwa, wannan yana faruwa ne in abubuwa sun taru sun fi ƙarfinsa, ba da gangan yake yi ba kuma ba iskokai ba ne. Ku rage mutane, ku kashe ƙara, ku rage haske. Kar a taru a kansa, kar a danne shi, kar a watsa masa ruwa, kar a yi ta jero masa tambayoyi, kuma don girman Allah kar wani ya ɗauki bidiyo. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa ya ce a hankali "ina nan, ba sai ka yi magana ba". Yana wucewa da kansa, bayan nan zai gaji sosai kuma zai ji kunya, ku bar shi ya huta. Wata rana da yake cikin natsuwa ku tambaye shi me yake so a yi masa in ta sake faruwa. Amma in ya faɗi yana fizge-fizge ya fita hayyacinsa wannan farfaɗiya ce, wadda ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran mutane, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki, a kai shi asibiti. Haka in ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kar ku ɗauka wasa, ku sanar da iyayensa da asibitin makaranta a ranar.

Mata ma suna da shi? Ban taɓa ji ba.

Suna da shi. A alƙaluman waɗanda aka auna kusan maza huɗu ne ake samu a kan mace ɗaya, amma masana da yawa suna ganin matan ana tsallake su ne, domin yarinya tana koyon kwaikwayon ƙawayenta, yadda suke dariya, yadda suke gaisuwa, ta yini tana wannan aikin ta dawo ɗaki a galabaice. A wajenmu kuwa yarinya mai shiru da ba ta fita yabonta ake yi, babu mai tunanin tana shan wahala, sai damuwa ta kwantar da ita a aji biyu ko uku. Abin da ya fi tayar min da hankali a kansu shi ne masu cin zarafi. Wadda take ɗaukar magana yadda aka faɗe ta ba lallai ta gane nufin wanda ya ce ta same shi ofis da magariba ba. Uwa ko yaya ta faɗa mata a fili, ba da kunya ba: ba a zuwa ofishin kowa ke kaɗai bayan an tashi, wannan irin maganar da wannan irin taɓawar ba daidai ba ne ko waye ya yi, kuma ga wadda za ki kira.

Wane kos ya fi dacewa da su? An ce kwamfuta.

Wasu suna son kwamfuta da lissafi, wasu kuma sam, akwai masu son shari'a, harsuna, tarihi, hadisi, zane, aikin gona. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado a Amurka, ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3, kuma shanu ne suka ɗauke mata hankali har ta zama mai tsara wuraren sarrafa su da ake amfani da su a mayankun ƙasar. A bi abin da yaron yake so da gaske, don wannan son shi ne zai riƙe shi lokacin da komai ya yi tsanani. Tilasta masa likitanci saboda babansa yana so ya fi cutar da shi fiye da yadda zai cutar da wani. In zirga-zirgar makaranta ta gagara kwata-kwata, akwai jami'ar NOUN da ake karatu daga gida, ba faɗuwa ba ce.

Akwai magani? Wani ya ce a kai shi wajen mai ruƙiyya.

Babu ƙwaya ko jiƙo da yake cire otizim, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Abin da likita yake iya magancewa su ne abubuwan da suke rakiyarsa, rashin barci, fargaba, ciwon damuwa, farfaɗiya. Addu'a kuwa kowa yana buƙatarta, a yi masa, ya yi wa kansa. Amma duk inda za a doke shi, a ɗaure shi, a turara masa hayaƙi ko a tsare shi da sunan cire aljani, kar ku kai ɗanku, mun ga abin da aka tarar a gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019.

Ni ne ɗalibin. Me zan yi wa kaina?

Ƙanena, ka samu mutum ɗaya a aji, ko kilas ref ko wani mai kirki, ka ce masa kai tsaye duk sanarwar da aka yi da baki ya turo maka. Ka saka komai a kalandar waya da ƙararrawa, har cin abinci. Babban aiki ka yanka shi ƙanana ka ba kowanne rana. Ka san alamomin da jikinka yake ba ka kafin ka cika, ka fita tun kafin. Ba dole ka je kowane taro ba, amma ka nemi ƙungiya ɗaya ta abin da kake so, nan abota ta fi sauƙin ƙulluwa don akwai abin magana. In kos ya yi maka yawa ka tambayi kodineta mafi ƙarancin yunit da doka ta yarda ka ɗauka, gama digiri a shekara biyar maimakon huɗu ba abin kunya ba ne. In an tafi dogon hutu ko yajin aiki, irin na ASUU na 2022 da ya kai wata 8, ka riƙe lokacin barci da na karatu a gida, domin komawa bayan tsari ya wargaje ya fi yi maka wuya fiye da abokanka.

Furojet, SIWES da bautar ƙasa fa?

Shekarar ƙarshe tana da nata tarkon, domin furojet aiki ne na watanni da babu mai bin ka. Sufabaiza ya tsayar masa da rana ɗaya a mako ko mako biyu, ya rubuta gyara dalla-dalla, "wannan babin bai yi ba, sake shi" ba ya gaya masa komai. Kafin difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai, a kai shi ɗakin ya gani, a yi gwaji da mutum biyu, a gaya wa masu tambaya su yi ɗaya bayan ɗaya su kuma ba shi lokaci ya haɗa amsa. Wajen SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, a nema masa inda aikin yake da tsari da mutum ɗaya da zai riƙa tambaya.

Sansanin NYSC na mako 3 ya haɗa duk abin da yake wahalar da shi, busa ƙaho da asuba, fareti, ihun sojoji, ɗaki mai ɗimbin mutane, garin da bai sani ba. Hukumar tana karɓar dalilin lafiya wajen neman a bar mutum kusa da gida ko a sauya masa jiha, don haka a sabunta rahoton likita daga asibitin gwamnati tun kafin a buɗe rijista, a nuna lalurar a fom, a kuma kai kwafi asibitin sansani ranar da ya isa.